Wa Ke Riƙe Askar Dada?

SHAFI NA 7

Salamu alaikum mutanen waya.

An karanta mini saƙonninku kaf. Wata ta ce tun shekaranjiya ba ta ci abinci ba don jiran labari. 'Yar nan, ci tuwonki. Dada ta fi shekara hamsin a ƙasa, ba inda za ta, inda muka bar ta nan za ki same ta.

Wani kuma ya ce ƙarya nake shara muku. To madalla. Kai da aka haifa bisa gadon asibiti da fanka a kanka, mi ka sani?

Masu shigowa a tsakiya, ga inda muke. Ni ce Barira. Dada uwar mijina ce, ita ce babbar ungozomar Kurfi a lokacin, shekara uku da samun mulkin kai. Idonta ya mutu a hankali, ba wanda ta bari ya sani sai ni. Shekara biyu, in an kira ta yankan cibi, sai ta kori kowa daga ɗaki, ta ce aikinta ba ya son ido. Ni kaɗai ke zama, wai mai riƙe ƙwaryar ruwa. Ita ta auna cibi da yatsunta ta riƙe, ni in sa aska in yanke.

Gari duk ya ɗauka wani asiri ne ta gada wajen kakarta.

Asirin kuwa ni ce.

A garinmu kuma macen da ba ta gama haihuwa ba ba ta yankan cibi. Cewa ake haihuwarta take yankewa. Ɗiya ɗaya gare ni a lokacin, na yaye ta, shiru kake ji. Mijina bai san abin da muke yi ba.

Sai ga shela daga gidan Hakimi, wai duk wata ungozoma ta hallara a ɗakin shan magani na Dutsin-Ma, En'e, wato hukumar sarki, ta kawo sabon tsari. Aka kwashe mu a babbar mota. To nan muka tsaya.

*

Da hantsi aka jera mu bisa benci, tsofaffi goma sha biyu da ni 'yar rakiya. Maigidana ya rako mu, ya zauna waje gindin itacen bedi. Hudu sunanshi. Shekara arba'in ban faɗi sunan nan ba, yanzu da ba shi da bakin hana ni sai in faɗa.

Ɗakin sai warin magani. Ba mai tari. Ba mai motsi.

Sai wata daga Tamawa ta rage murya.

"An ce askake za su ƙwace."

"Ƙwacewa kaɗai? An ce wani ruwa gare su, a tsoma hannunki. In jariri ya taɓa mutuwa a hannunki, ruwan ya koma ja."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai Katsina. Gidan yari."

"Innalillahi! Wa ya faɗa miki?"

"Matar wanda ya ji daga bakin direba."

Kun ji shaidar. Amma wallahi a ranar ko alƙali bai kai direban nan gaskiya ba a wajenmu.

Hannun Dada na cikin nawa a ƙarƙashin mayafi. Sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga randa.

A gefenta Inna Mairo ce, ungozomar Birchi. Su biyun tun suna 'yan mata ba su taɓa yarda rana ɗaya ta fito musu tare ba. Ita kaɗai ke kiran Dada da sunanta na yanka.

"Yahanasu, yau na ga kin yi laushi."

"Motar ce ta jijjiga ni."

"Mota? Ke da asirinki ke korar mutane daga ɗaki, yau sai ki kori En'e mu gani."

"Mairo, in bakinki na ƙaiƙayi ga bango nan."

Sai ƙofar ciki ta buɗe.

Mu muna jiran Baturiya mai sanda. Sai ga wata 'yar siririyar yarinya, ba ta girme ni ba, da farar riga da farin kallabi. Tana ɗauke da faranti na ƙarfe, bisa shi almakashi. Ni da ke kusa na ji almakashin na kaɗawa, ƙyar-ƙyar-ƙyar. Na ce a raina, wannan farantin ko dai yana da aljanu, ko mai riƙe da shi na rawar hannu.

Ta durƙusa har ƙasa.

"Iyayena, ina kwananku? Sunana Turai. Ungozoma ce ni ta asibiti, daga Katsina aka turo ni."

Ba wadda ta amsa sai Dada.

"Lahiya lau, Malama."

"Abin da zan fara nuna muku, yadda ake tafasa aska kafin a taɓa jariri da ita. Kowa ta fito da tata."

Kowa ta dubi ta gefenta.

"Askarku fa, iyayena?"

Ta Tamawa ta ce, "Tawa ta ɓace tun kaka."

Wata ta ce, "Ni da sillen kara nake yi."

Wata ta ce, "Ni ban ma taɓa ganin aska ba."

Tsohuwar da ta yanke wa rabin garinsu cibi ke nan.

Ungozoma goma sha biyu, ba aska ko ɗaya. Wasu sun binne a bayan ɗaki, wata ta jefa tata a rijiya, har yau tana can.

Malama ta dubi Inna Mairo.

"Inna, mi ke zuba a kunnenki?"

"Zufa ce."

"Ja ce fa."

Ashe cikin kitso ta soke tata ta ɗaura kallabi, motar En'e ta yi ta jijjiga ta tun daga Birchi. Malama ta zare askar a hankali, ta goge mata wurin da auduga. Ba ta yi dariya ba. Ni na yi, cikin mayafi.

Ta Dada kuwa tana jikina. Na naɗe ta a tsumma na ɗaure a ƙuguna, ƙarƙashin zane.

Malama ta koma ciki ta fito da wani abu a naɗe. Ta kwantar bisa tebur ta buɗe.

Benci ya watse.

"A'uzubillahi!"

"Jariri ne suka busar!"

"Iyayena, 'yar tsana ce! Ƙyalle ne da auduga. Ga cibinta nan na igiya. A kanta za mu gwada ɗaurin zare."

Da ƙyar suka dawo, kowa na tofa addu'a a ƙirjinta.

Sai Malama ta yi abin da ta ɗauka girmamawa ce.

"An ce mini a ƙasar nan kaf babu kamar Dada ta Kurfi. Ita za ta fara. Ki ɗauki zaren nan ki ɗaure wuri biyu, ki yanke a tsakiya, kowa ta gani."



Na miƙe zan yi gaba. Kun san yadda muke tafiya: ina gaba da munduwa biyu a hannu suna kaɗawa, ita tana bin ƙarar. Mutane na cewa kai, Dada na ji da matar ɗanta, ko'ina tare.

"'Yar rakiya ta zauna," in ji Malama. "Taku huɗu ne."

Na zauna.

Dada ta tashi. Ta bi muryar. Ɗaya, biyu, uku, cinyarta ta daki tebur. Ta lalubo 'yar tsanar, ta kama cibin, ta auna shi zuwa gwiwa kamar yadda ta saba. Hannun nan ya san aikinshi, ba mai cewa komi.

Saura zare.

Farin zare, bisa farin ƙyalle, cikin farin faranti. Ko mai ido sai ya duba sau biyu.

Hannunta ya tafi dama. Farantin na hagu.

Ta shafa tebur. Ta sake shafawa.

Na yi tari, ko za ta gane. Ta juyo da hannun da sauri, gwiwar hannunta ta kwashe farantin.

Ƙwaram!

Almakashi can, zare can.

Ba ta sunkuya ba. Ta ina za ta fara nema? Ta tsaya ƙiƙam, cibin ƙyalle a hannunta, fuskarta na kallon bango.

Inna Mairo ta ce, "Af. Asirin bai hau mota ba ke nan?"

Wasu suka yi dariya. Dariyar tsoro ce, irin wadda ake yi don an ga ba kanki aka fara ba.

Malama ta tsaya tana duban fuskar Dada. Ta daɗe. Sannan ta ce,

"Laifina ne, na tsai da tsohuwa ba ta ko sha ruwa ba. Ke, kawo ta ciki ta huta. Iyayena, ku ba mu kaɗan."

*

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, gado ɗaya, kujera ɗaya, kwalabe. Malama ta tura ƙofa. Ta zaunar da Dada. Ta ɗaga hannunta a gaban fuskarta ta kaɗa.

Dada ba ta ƙifta ba.

"Dada, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ni ba sa'arki ba ce da za ki yi mini wasan yara."

"Ki yi haƙuri. Nawa ne?"

"Uku."

Hannun Malama na bisa cinyarta. Ba ta ɗaga komi ba.

Ni na fara kuka. Ban so ba, shi ya zo.

Dada ta ji kukana, ta gane. Kafaɗunta suka sauka. Ban taɓa ganin tsufanta ba sai ranar.

"Damina uku," ta ce. "Da farko kamar hayaƙin ɗanyen ice. Yanzu rana da inuwa kaɗai nake rabewa."

"Kuma kina zuwa yankan cibi?"

"Ina zuwa."

"Da wane ido?"

Dada ta kau da kai.

"Dada, jariran mutane ne. Dole in tambaya. Wa ke riƙe askar?"

"Kawo ruwan."

"Wane ruwa?"

"Ruwan naku mai komawa ja. Ga hannuna, tsoma. Shekara talatin ina aikin nan, waɗanda suka koma ina sane da su ɗaya bayan ɗaya, ba sai ruwa ya faɗa mini ba. Ki kai ni Katsinar. Amma yarinyar nan ba ruwanta. Ni na sa ta."

Malama ta juyo ta dube ni.

"Ke ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Guda nawa?"

"Ban ƙirga ba, Malama. Sun fi yatsun hannu da na ƙafa."

"Akwai wanda jini ya ƙi tsayawa?"

"Babu."

Dada ta zamo daga kujera ta durƙusa. Dada fa. Wadda ko gaban Hakimi sai ta ga dama. Ta lalubo ƙafar yarinyar nan ta riƙe.

"Don Allah, don Annabi, kar ɗana ya ji. Ki faɗa wa En'e, ki faɗa wa Mairo ta yi shela a kasuwa, na yarda. Ban da shi. Shi kaɗai gare ni. Na ɗauki matarshi mai jini a jika na sa ta yanke haihuwarta da hannunta, don kar a ce Dada ta makance. Shekara biyu yana jiran ƙanin ɗiyarshi. Kullum sai ya kawo mini goro ya ce, Dada ki sa mu a addu'a. In karɓi goron. In ci."

Malama ta zauna ƙasa dirshan, da farar rigarta.

"Tashi, Dada, kar ki sa in shiga wuta. Ba wani ruwa. Ba gidan yari. Wallahi abin da aka ba ni in kawo muku akwati ne, da sabulu da zare da almakashi. Jarirai na mutuwa kafin suna, muƙamuƙinsu ya ɗaure, jiki ya sandare. Kun sani kun fi ni. Daga dattin aska ne. Shi ke nan abin da na zo faɗa."

"To mi ya sa ba a faɗa a shela ba?"

"Mai shela ya ce ku zo. Sauran ku kuka ƙara a hanya."

Wannan gaskiya ce, ba yadda za mu yi da ita.

"Kin ji farantina na kaɗawa ɗazu?" in ji Malama, ta juyo gare ni.

Na ce, "Na ji."

"Sau biyu na yi amai da safen nan. Tun Katsina ake ce mini, tsofaffin ƙauye za su cinye ki ɗanya, ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba za ki koya musu haihuwa? An ce mini akwai wata a Kurfi, in ta harare ki sai kin kwanta ciwo."

Dada ta ce, "Ni?"

"Ke."

"Da wane idon?"

Malama ta fashe da dariya, ta toshe baki. Dada ma sai da gefen bakinta ya motsa.

"Kin gani," in ji Malama. "Ni na kwana ina tsoron hararar makauniya, ke kin kwana kina tsoron ruwan da babu shi. Yanzu faɗa mini, a cikin duk abin nan wanne ne na gaske? Wanda in an cire Katsina da Mairo zai rage?"

Dada ta ce,

"Hudu."

"Shi kaɗai?"

"Da zama. In zauna a ɗaki ana miƙo mini tuwo kamar tsohuwar akuya. A haihu a maƙwabta in ji guɗa, ba wanda ya aiko."

"To biyu ke nan. Biyu ana iya duba su. Ni dai ba zan rubuta ƙarya ba, ba kuma zan yi miki shela ba. Ina askar? In gani ko tana da tsatsa."

"Tana jikin yarinyar. Zo nan, Barira."

Na matsa. Na kai hannu zan kwance, ta ture shi.

"Bari. Ni na ɗora miki, ni zan sauke."

Ta sa hannu ƙarƙashin mayafina tana laluben ƙullin a ƙuguna.

Sai hannun ya tsaya.

Ya bar ƙullin. Ya dawo gaba. Ya kwanta bisa marata.

"Barira."

"Na'am, Dada."

"Tsaya da kyau. Saki numfashi."

Ta danna nan. Ta danna can. Ta sa hannu na biyu. Ni kuwa ina ji kamar ƙasa ta tsage.

"Wata huɗu," ta ce. "Har da kwanaki."

Malama ta taso ta taɓa, ta yi 'yan tambayoyinta, ta ƙirga da yatsu.

"Wata huɗu ne."

"Ban tambaye ki ba," in ji Dada. Ta juyo gare ni. "Ke! Wata huɗu kina gabana kina kaɗa mini munduwa, ba ki faɗa ba?"

"Tsoro nake ji."

"Tsoron mi?"

"Kullum na riƙe askar sai in ce yau zai zube. In mun dawo gida in shiga bayan ɗaki in duba. Na ce in na faɗa miki za ki hana ni yankan, in kin hana ni asirinki ya tonu. In ban faɗa ba kuma..."

Kuka ya ci sauran.

"Cibi nawa kika yanke da shi a jikinki?"

"Bakwai."

"Bakwai." Ta sake dafa wurin. "Kuma yana nan daram. Ɗan banza mai taurin kai. Jinin gidanmu ne."

Sai ga hawaye daga idanun nan da ba su gani. Ashe ba su manta wannan aikin ba.

Kun ga mu biyu, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ita tana ɓoye mini kukanta, ni ina ɓoye mata cikina, kowa na cewa tana rufa wa 'yar'uwarta asiri. Da mun buɗe baki tun farko da mun huta. Amma wa ya taɓa ganin suruka da matar ɗa sun zauna sun buɗe baki? Ku na yanzu da kuke kiran uwar miji a waya kuna cewa "Mama ya kike", ba za ku gane ba.

Malama ta bari muka lafa, sannan ta ce,

"Akwai abin da ban kai ga faɗa muku ba a waje. Tsarin da aka ba ni, kowace tsohuwa ta kawo mace mai ƙuruciya da za ta koya a hannunta, ni kuma in koya mata nawa. Hannun nan da ya gane wata huɗu ta cikin zane, ni makaranta ba ta ba ni shi ba. Ke ki riƙe, ita ta yanke. Abin da kuke yi a ɓoye shi ake so a yi a fili."

"Mutanen Kurfi ba za su yarda ba."

"Wataƙila. Ban ce da sauƙi ba. Kuma ba na rubuta sunan matar aure sai mijinta ya amince da bakinshi."



Mun zagayo mun dawo kan Hudu.

Na ce, "Dada, mu bari. Mu koma gida, ki ce kin gaji kin aje aikin. Ba wanda zai sani."

"Mairo ta ga farantin."

"Sai mu ce jiri ne."

"In kin haihu fa? Wa zai yanke wa jikana cibi? In aika Birchi?"

Ta dafa gado ta miƙe. Ta gyara kallabinta. Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyu abin nan na cin tuwona yana sha mini fura, ya ishe shi haka. Malama, buɗe ƙofa. A kira mini shi. Da bakina zai ji."

"A nan ciki?"

"A waje. Gaban Mairo. In ba haka ba kafin mu isa Kurfi ta riga mu da nata."

Na kaɗa munduwa zan yi gaba.

"Cire su," ta ce. "Ba ni hannunki kowa ya gani."

*

Muka fito ina jan ta.

Surutu ya ɗauke. Inna Mairo ta buɗe baki, ta dubi hannunmu, ta rufe.

Aka kira shi. Ya zo bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a dokin ƙofa, don ɗakin duk mata ne. Idonshi a ƙasa.

"Ga ni, Dada. Lahiya?"

"Hudu."

"Na'am."

"Ku ma ku ji, don kar a ƙara gishiri a mota. Ni Yahanasu ba na gani. Damina uku ke nan. Ko fuskar ɗan nan nawa, da murya nake gane ta."

Salati ya tashi a benci. Ta Tamawa ta dafe ƙirji. Inna Mairo kuwa, abin mamaki, kallabi ta ja ta rufe fuskarta.

Ni shi nake kallo ta wutsiyar ido. Ina jiran ya zabura.

Bai motsa ba.

"Na sani, Dada."

"Ka san mi?"

"Tun daminar bara. Ranar da kika zuba mini fura a ƙasa gefen ƙwarya, kika ce in sha."

"Ka sha kuwa?"

"Na ɗaga ƙwaryar na ce ta yi daɗi."

Dada ta ƙanƙame hannuna.

"Wa kike zaton ke kawar da turmi daga hanyarki kullum da safe? Wa ya cike ramin bakin zaure? Igiyar shanyar da na mayar bayan ɗaki, kika yi ta faɗa kwana uku?"

"Don ubanka, mi ya hana ka magana?"

"Tsoro, Dada. Na ga kina ɓoyewa. Na ce in na nuna na sani, zuciyarki za ta karye."

Uku ke nan a gida ɗaya. Da akuyar gidan na magana, ita ma da an ji nata.

Wata tsohuwa ta fara sharɓe. Malama ta juya tana gyara kwalaben da ba abin da ya same su. Na ji wani sanyi na sauka a ƙirjina, na ce shi ke nan, Allah ya kawo mu ƙarshe.

Sai na ga goshinshi ya tattare.

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Kullum in na gan ku kun fita sai in ce, ikon Allah, hannu ya saba. Amma aska ce fa. Jariri ne fa."

Ya juya wajen uwarshi.

"Dada, in ba ki gani, wa ke riƙe askar?"

Dada ta ja numfashi za ta amsa. Na matse mata yatsu.

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga murya a gabanshi da uwarshi a wuri ɗaya ba. Na sa hannu a ƙuguna na kwance ƙullin, na warware tsumman, na aje askar a ƙasa tsakanina da shi.

"Ni ce."

Ya dubi askar.

Ya ɗago, karo na farko a gaban mutane, ya dube ni ido cikin ido.

Sannan ya miƙe tsaye.